Gargaɗi ga 'yan'uwa mazauna Koriya: ɗan damfarar takardar hawan Hallasan ya cinye min won 360,000

Jama'a, won 360,000, kuɗin Koriya. Dubu ɗari uku da sittin na tura wa wannan bawan Allah da hannuna, kan takardar izinin hawan dutsen Hallasan da ke tsibirin Jeju, wadda hukumar gandun dutsen ke bayarwa kyauta. Kyauta fa! Har yanzu in na tuna sai na ji ƙirjina yana tafasa.

Kada wani ya zo ya ce min garaje na yi. Na yi tambaya. Na duba shafinsa, hotuna ne birjik na mutane a bakin tafkin Baengnokdam da ke ƙolin dutsen, kowa yana murmushi. A zauren WhatsApp na 'yan Afirka mazauna Koriya na same shi, inda muke tura wa juna labarin aiki da na gidan haya. Kuma yana jin Hausa kamar jakin Kano. Wa zai ji harshensa a ƙasar da sai ka yi wata ba ka ji an ce maka "ina kwana" ba, ya kawo sata a ransa?

A ƙofar Seongpanak, ɗaya daga cikin hanyoyin hawan dutsen, asiri ya tonu. Ma'aikacin ya ɗora na'ura kan lambar QR da ya turo min, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya karɓi katin shaidata, ya dubi sunan da ke jikin takardar, ya girgiza kai. Sunan wani ne daban, ranar ma ta wuce tuntuni. Hajiya tana tsaye a bayana da sandarta, matata na riƙe da jakar abinci. Motar da ya ce za ta ɗauke mu daga masauki ma ba ta zo ba, tasi muka hau da kuɗinmu, shi kuma wayarsa a kashe tun asuba.

Bari in koma baya. Hajiya ta zo bikin kammala karatuna ne, na ce kafin ta koma gida sai na kai ta tsibirin Jeju. Tana fama da ciwon gwiwa. Abin da na rubuta a zauren ke nan: ina neman hanya mai sauƙi, mai kyan gani, wadda dattijuwa za ta iya takawa. Shi ne ya biyo ni ta gefe da saƙon murya. "Haba ɗan'uwa, ai Hajiya uwata ce. Ka bar min komai." Uwata ce, in ji shi. Na saurari saƙon nan har na haddace shi. Muryarsa a natse, da sallama, da addu'a. Ya ce kowane mutum won 120,000, takardar izini da mota da abincin halal, mu uku 360,000. Ya ce gurbi ya kusa cika, in tura a daren. Wannan ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don da gaske akwai adadin mutanen da ake bari su hau ƙoli a rana, kuma na san da haka. Da gaskiya ya naɗe ƙaryarsa, shi ya sa ta shiga.

Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne, duk da 360,000 ba wasa ba ce ga ɗalibi. Hanyar da ya kira mai sauƙi, Seongpanak, kilomita 9.6 ce zuwa kawai, wajen awa huɗu da rabi ana hawa, zuwa ƙolin da ya kai mita 1,947, dutse mafi tsawo a Koriya ta Kudu. Can ya so in kai tsohuwa mai ciwon gwiwa. Da takardar ta yi aiki fa? Matar da ya kira uwarsa!

Ma'aikacin nan, Allah ya saka masa da alheri, shi ya nuna mana wani ƙaramin tudu mai suna Eoseungsaengak a taswira, ta wajen mashigar Eorimok. Kilomita 1.3, kamar rabin awa, ba takarda ba kuɗin shiga. Akwai matakala, amma Hajiya ta hau a hankali tana hutawa, ta hango birnin Jeju da teku daga sama, har da ramukan sojojin Japan na ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Abin da na nema tun farko ke nan, kuma yana nan kyauta, wani ya karɓe min 360,000.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Hotunan hirarmu, rasit na banki da saƙon muryar duk suna hannuna, zan saka su a ƙasa da zarar na rufe lambar asusuna. Ya fita daga zauren, ya canza hoto, kuma wata baiwar Allah ta ce min ita ma ya taɓa yi mata tayin.

Kada ku sayi takardar Hallasan a hannun kowa. Ku yi rajista da sunanku a shafin hukumar gandun. Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.