Ra'ayina kan maginan da suka yi mana gidan ƙasa ba itace

Tunda mutane sun dame ni da tambaya bari in faɗi gaskiyar abin da na gani, damina biyu kenan muna cikin gidan. Karenmu, wato filin gidan, yana can bayan garin Damagaram ta hanyar Mirriya, da farko niyyata bulo na siminti da rufin tol kamar kowa, sai na tuna ɗakin hayar da muka zauna a Sabon Gari, watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 kuran, wato lantarki, ya ɗauke, yara suna kwana tsakar gida sauro na cin su. Shi ne wani abokina ya haɗa ni da wani magini da yaransa huɗu masu yin rufin tulluwa da birgin ƙasa, wato tubali, zalla, ba azara ba kwano ba ƙarfe.

Abin da ya fara burge ni, mutumin bai taɓa ƙasa ba sai da ya zauna da uwargida ya tambaye ta ina take son madafa, ina za ta yi shanya. Ya ce tagogi kudu da arewa za su kalla, bangon gabas kuwa ba taga ko ɗaya don daga can ruwa da iska ke bugowa. Kaurin bango santimita 40. Ni da ƙannena muka buga birgin da hannunmu bayan kaka, nan muka rage kuɗi sosai, amma fa ruwa ya ci mu, kun san Damagaram da matsalar ruwa, kuɗin 'yan garuwa kaɗai ya kusa sa ni kuka.

Sanyin ɗaki kam ba magana. Da azahar ka shigo daga rana ka dafa bango ka ji shi kamar randa. Hajiya da ta zo daga Birni ta ce "ɗan nan ai wannan irin soron kakanka ne, me ya sa kuke ta yi kamar sabon abu", muka yi ta dariya. Fanka ɗaya da ƙwai huɗu a kan fanon sola ƙarami sun ishe mu.

Inda suka ɓata min rai, alkawarin wata uku ya koma bakwai, yau biki gobe rasuwa jibi sun tafi wani aiki a Matamaye ba sallama. Sannan yaɓen gabas, na ce a sa makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa yaɓe, maginin ya ce Alhaji ba sai an sa ba, ruwan Agusta na farko ya zaftare shi har birgi ya fito, indararo ɗaya ma gajere suka sa ruwa na bin bango. Ya dawo ya gyara bai karɓi ko dala ba, wannan na yaba masa.

In za ka ɗauke su ka ɗauka, hannunsu na da kyau, amma ku rubuta ranar gamawa a takarda gaban shaidu, kada ka biya rabin kuɗi tun farko irin nawa, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka ka hau rufin da kanka ka duba tsaga.