Maktabatush Shamila: inda take da amfani da inda take kai ɗalibi ta baro

Da wuya ka zauna da ɗaliban ilimi a Bauchi, ko masu ɗaukar karatu a masallacin Gwallaga ko masu rubuta kundin kammala karatu a Misau da Gadau, ba ka tarar da manhajar Shamila a waya ko kwamfutar wani ba. Kyauta ce, ta fara fitowa a 2005, tana ɗauke da dubban littattafan Larabci, kuma in ka riga ka sauke littafi ba ka buƙatar data kafin ka karanta shi. Wannan kaɗai ya isa a yaba mata. Sai dai mutane da yawa suna amfani da ita kamar hujja ce a karan kanta, alhali aikinta na gaskiya shi ne ta nuna maka inda magana take, kai kuma ka je ka tabbatar.

A fara da wadda za a saka. Akwai ta asali, ta shafin shamela.ws, da manhajarta ta kwamfuta da ta waya. Akwai kuma tsofaffin kwafe da masu shagon tura karatu da wa'azi suke zuba wa mutane a filash, an cusa musu littattafan da kowa ya buga ya ƙara. Yawan da ake tallata su da shi bai kamata ya ruɗe ka ba, domin a ciki za ka ga littafi ɗaya sau uku, wani babu sunan mai tahƙiƙi, wato wanda ya tace littafin kafin a buga shi, wani an yanke masa juzu'i guda. Tsohuwar Shamila tana da wata matsala kuma: in ba a mayar da harshen tsarin Windows zuwa Larabci ba, sai rubutun ya fito alamomin tambaya zalla. Maganinsa a shiga Control Panel, a buɗe Region, a canza system locale zuwa Larabci, a kashe kwamfutar a kunna. Wanda ya saka sabuwar daga shafinsu ya huta da wannan.

Kada ka sauke komai da komai. Gigabait ne masu yawa, kuma bincike a cikin littafi dubbai yana jawo sakamakon da ba za ka iya karantawa ba. Littafi talatin zuwa arba'in sun isa mafari: littattafan hadisi shida da Muwaɗɗa da Musnad na Ahmad, tafsirin Ɗabari da Ƙurɗubi da Ibn Kasir, ƙamus ɗaya kamar Lisanul Arab, sai fiƙihu. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne karatun zaurukanmu, Shamila ta yi ƙoƙari ƙwarai. Akwai Mudawwana, akwai Risala da sharhinta Samaruddani da Fawakihud Dawani, akwai Mukhtasar na Khalil da Mawahibul Jalil da Hashiyar Dasuƙi, har da As'halul Madarik na Abubakar Alkashnawi, ɗan asalin Katsina. Mas'alar da a da sai malami ya sauko da mujalladi biyar daga kanta, yanzu kafin shayi ya huce ta bayyana.

Abin da ya fi komai muhimmanci, kuma aka fi tsallakewa, shi ne katin littafi, wato biɗaƙatul kitab. Shi ne shafin farko da yake faɗin mawallafi da shekarar rasuwarsa, mai tahƙiƙi, maɗaba'a, bugu na nawa da shekara. A ƙasansa akwai jumla ɗaya da ke raba gardama: ko a ce lambobin shafi "muwafiƙun lil maɗbu'" ne, wato sun dace da littafin takarda, ko a ce na'ura ce ta jera su ba su dace ba. In na biyun ne, duk shafin da ka kawo a kundinka ba a samunsa a kan takarda, kuma malamin da ke duba aikin zai ɗauka ƙirƙira ka yi. Katin ne kuma yake kare ka daga littattafai masu suna ɗaya. Fathul Bari biyu ne, na Ibn Hajar wanda ya rasu 852 da na Ibn Rajab wanda ya rasu 795 bayan Hijira. Ahkamul Ƙur'an akwai na Ibnul Arabi Bamalike, akwai na Jassas Bahanafe. Fathul Ƙadir na Shaukani tafsiri ne, na Ibnul Humam fiƙihun Hanafiyya ne. Ba ƙaramin abin kunya ba ne mutum ya tsaya gaban jama'a ya jingina wa Malikiyya maganar Jassas don kawai bai duba layi biyu ba.

Shi kansa binciken harufa yake nema, ba ma'ana ba. Ɗauki hadisin niyya. In ka rubuta "bin niyyat" za ta kai ka hadisi na 1 a Bukhari, amma na 54 da ya zo da lafazin "bin niyya" zai iya kuɓuce maka, ga shi kuwa Bukhari ya kawo hadisin a wuri bakwai. Don haka kada ka zuba jumla sukutum yadda ka ji ta a bakin mai wa'azi. Zaɓi kalma biyu ko uku waɗanda ba a cika samunsu tare ba, ka taƙaita binciken ga sashe ɗaya, in ba ta fito ba ka canza siffar kalmar. Lambar hadisi ma sai an faɗi ta wa ce. Hadisin niyyar nan shi ne na 1907 a Muslim bisa lissafin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wanda ya tsaya a 3033, amma wasu bugun suna ƙirga kowace ruwaya daban, lambar ta sauya gaba ɗaya.

Wajen sanin ingancin hadisi, shafin Dorar ya fi Shamila sauri, domin yana jero marawaici da malamin da ya yi hukunci da littafi da lamba. Nan ma akwai rami. Sakamakon farko ba shi ne hukuncin ƙarshe ba, kowane layi hukuncin malami ɗaya ne a kan isnadi ɗaya, wato jerin waɗanda suka ruwaito hadisin. "Ku nemi ilimi ko da a Sin" Ibnul Jauzi ya saka shi cikin hadisan ƙarya, amma jumlar da ake haɗa shi da ita, cewa neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi, tana cikin Ibn Majah lamba 224 kuma Albani ya inganta ta. Mai gaggawa sai ya ɗauki hoton layi ɗaya ya watsa a WhatsApp, ya inganta duka ko ya rusa duka.

Rubutun Shamila hannu ne ya buga shi, don haka ɗigo yana faɗuwa, layi yana tsallakewa, wani lokaci "la" guda ta ɓace hukunci ya juye. Duk maganar da za ka naƙalto, nemi hoton littafin na PDF a shafin Waƙfiyya ko archive.org, bugu ɗaya da wanda katin ya ambata, ka gwada. Sannan ka adana shi da suna mai ma'ana: mawallafi, littafi, maɗaba'a, shekara, juzu'i. Jaka biyar sun wadatar, tafsiri, hadisi, fiƙihu, tarihi, lugga. Ka ajiye kwafe a filash daban, saboda wayar da ta faɗa ruwa ba ta tambayar shekara nawa ka yi kana tarawa.

Giɓin Shamila babba a wurinmu shi ne ba don mu aka tsara ta ba. Ayoyin da za ka kwafo ruwayar Hafsu ne da ƙirgen ayoyi 6236, tsangayunmu kuwa Warshu suke karantawa, wanda mus'hafinsa yake bin ƙirgen Madina na 6214, don haka lambar aya tana iya saɓawa. Babu Hausa, babu ajami. Mafi yawan rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello ba a nan ake samunsu ba. Mai binciken tarihin masarautar Bauchi ko Katagum dole ya taka zuwa Arewa House da gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ko ya durƙusa gaban magadan malaman da suke riƙe da takardun a adakarsu.