Wasan harbi na mutum huɗu: wanne za ku saya idan matakin wuya kuke nema?

Kafin ku haɗa kuɗi ku da abokanku, ku fara gane cewa wuya iri biyu ce a waɗannan wasannin bidiyo. Akwai wadda ke sa ka tunani: harsashi ya kusa ƙarewa, abokinka ya faɗi can nesa, za ka je ka tashe shi ko za ka tsare ƙofa? Akwai kuma ta ragwancin masu ƙira, inda suke ɗauko maƙiyin da ka saba kashewa su ninka masa rai sau biyar, su ce maka ga mataki mafi girma. Na taɓa ɓata makonni a kan wani wasa irin wannan, muna tsaye bayan bango muna zazzaga harsashi a jikin ƙato ɗaya har yatsa ya gaji. Tun daga nan tambayata ta farko ita ce: idan na ƙara wuya, dabarata ce za ta sauya ko lokacina kawai za a ci?

Da wannan ma'auni, Deep Rock Galactic ne zaɓina. Kamfanin Ghost Ship Games na ƙasar Denmak ne ya ƙera shi, ya fito cikakke a 2020. Ku huɗu ne, gajerun mahaƙa a cikin kogo mai duhu, kuma kwamfuta ce ke tsara kogon sabo a kowane zagaye, don haka haddar taswira ba ta da amfani. Kowa da sana'arsa. Ɗan leƙen asiri yana harba fitila ya haska rufi, ya hango ma'adini can sama. Injiniya ya manna masa dandamali a jikin dutse don ya samu wurin tsayuwa. Mai haƙa ya huda hanya ta cikin bango. Mai babbar bindiga ya kafa garkuwa lokacin da ƙwari suka rufe ku. Babu wanda aka ɗauko don cike gurbi.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda aka ɗaure harsashi da aiki. Ba a kiran akwatin guzuri sai kun haƙo wani ma'adini mai suna Nitra har 80, kuma kaso huɗu ne a cikinsa, ɗaya ga kowa. Wanda ya ɗauki biyu bai tambaya ba ya cuci ɗan'uwansa, kuma kowa zai gani. A matakin wuya na 5 ƙwarin sun fi yawa, sun fi sauri, cizonsu ya fi zafi, amma bindigarka ba ta zama abin wasan yara ba. Idan aka kayar da kai, muddin mutum ɗaya yana tsaye zai iya tayar da sauran. Nan daɗin yake: zagayen da kuka fidda rai da shi ya dawo hannunku saboda mutum ɗaya bai ruɗe ba. A aikin haƙar ma'adini, in kun gama, minti 5 ake ba ku ku isa jirgin tsira ta cikin kogon da kuka farfasa da hannunku. Ga shi abin da ake sayarwa daga baya kayan ado ne kawai, ba a sayen ƙarfi da kuɗi.

Helldivers 2 na kamfanin Arrowhead, wanda ya fito a Fabrairun 2024, shi ne na biyu a wurina, kuma wasu za su sa shi gaba. Matakansa sun kai 10, harsashinka yana kashe abokinka, kuma kiran ruwan bama-bamai sai ka danna jerin kibiyoyi daidai alhali ana binka a guje. Matsalarsa ita ce ba ya aiki sai da intanet, zagaye ɗaya na iya cin minti 40, kuma an sha rage wa makamai ƙarfi har 'yan wasa suka yi bore a 2024 kafin a gyara. Left 4 Dead 2 tsoho ne, na 2009, amma tsarinsa da ke lura da halin da kuke ciki ya turo muku maƙiya daidai lokaci har yau bai tsufa ba, kuma ƙaramar kwamfuta tana ɗaukarsa. Wasan GTFO kuwa sai mai abokai uku masu haƙuri da makirfo. Back 4 Blood an daina ƙara masa komai tun 2023, ku wuce shi.

Sai batun saye, inda aka fi cutar mutane. Ku guji shafukan da ke sayar da lambar wasa, wato lambar da ake shigarwa a buɗe wasan a asusunka, da arha mai ban mamaki. Wasu lambobin da katin banki na sata aka saye su. Idan mai katin ya kai ƙara, sai a soke lambar, wasan ya ɓace daga asusunka, mai sayarwa kuma ya yi layar zana. Hakan ta faru da ni, kuma babu wanda ya amsa saƙona. Wasu lambobin kuma na wani yanki ne na duniya, ba za su buɗe a inda kake ba. Mafi muni shi ne mai sayar maka da asusu gaba ɗaya da wasan a ciki: imel ɗin asali yana hannunsa, duk ranar da ya ga dama zai ƙwace abinsa har da ci gaban da ka tara. Araha ba ta ado. Wasan da aka fasa ake rabawa kyauta sau da yawa ba ya haɗuwa da masu na gaskiya, ga haɗarin manhajar satar kalmar sirri. Haka masu tallar kuɗin cikin wasa ko manhajar maguɗi. Asusunka ne za a rufe, ba nasu ba.

Ku kuma duba na'urorinku kafin kowa ya biya. Helldivers 2 yana haɗa mai kwamfuta da mai PlayStation 5, amma Deep Rock Galactic na Steam, shagon sayen wasannin kwamfuta ta intanet, ba ya haɗuwa da na PlayStation ko na Xbox, don haka dole ku huɗun ku saya a wuri ɗaya. Idan a Steam ne, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ku kai awa 2 kuna wasa ba. Ku yi amfani da wannan dama: ku shiga tare rana ɗaya, ku haura matakin da ya fi ƙarfinku kaɗan, a kayar da ku, sannan ku ga ko akwai wanda zai ce a sake.