Afuwa ko kotun soja: bindigar da ta biyo soja gida

Tun zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da aka tura sojojinmu Laberiya a 1990, ake maganar makaman da kan biyo soja gida ba da izini ba. A Kaduna kuwa, ga Runduna ta Ɗaya, ga barikin Jaji, batun a ƙofar gidanmu yake.

Hanya ta farko ta ƙwato makaman ita ce bincike da hukunci: a zazzage jaka a bakin bariki, wanda aka kama ya gurfana a kotun soja. Tana tsoratarwa, amma wanda ya riga ya wuce fa? Ƙaramar bindigarsa na naɗe cikin tsumma a ƙasan akwati ko saman silin. Ranar da ya ji ana bincike, mai saye zai nema, kuma masu saye ba su da nisa, dajin Birnin Gwari na nan.

Afuwa kuwa wa'adi ake bayarwa, kowa ya kai abin da ya ɓoye ma'ajiyar makamai, babu tuhuma. Wanda ya ajiye don tunawa da fagen daga zai fito, haka matar da ta tsinci harsasai a kayan marigayin mijinta. Mai fataucin makamai ko leƙowa ba zai yi ba. Ko afuwar da Shugaba 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009, an tara makamai da yawa, amma ba duka ba.

Ni dai na fi karkata ga afuwa ta ɗan lokaci, sau ɗaya, sannan bincike mai tsanani ya biyo baya. In ta zama ta shekara-shekara, masu ɓoyewa za su zauna jiran ta gaba.