Manhajar Briar: me za ta yi maka ranar da aka katse layi?

A Satumban 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a Zamfara da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Mai kiran likita da ɗan kasuwa duk aka haɗa aka toshe musu baki. A irin wannan yanayi VPN, manhajar tsallake toshewar intanet, ba ta da amfani, tunda turken sadarwar ne aka kashe.

Briar manhajar aika saƙo ce da ke iya aiki ko babu layi. Kyauta ce, a Android take aiki, masu iPhone sai haƙuri. Ba ta neman lambar waya, don haka ba ruwanta da NIN ɗin da aka liƙa wa layinka. Suna da kalmar sirri kawai za ka saka. Idan za ka ƙara mutum, ku haɗu ido da ido, kowa ya ɗauki lambar QR ta ɗan'uwansa. In akwai intanet, saƙo ta Tor yake bi, wato hanyar da ke ɓoye sawun mai amfani. In babu, ta Bluetooth ko Wi-Fi, ko a loda shi a katin memori a kai da hannu.

Amma kada a ruɗe ka. Bluetooth ba ta wuce kimanin mita 10, wato cikin gida ko layin kasuwa, ba daga Gusau zuwa Shinkafi ba. Briar tana shan batir sosai, kuma wayoyin da ke kashe manhaja a bayan fage sukan hana saƙo shigowa. Cire ta daga tsarin tsimin batir. Babu kiran murya. In ka manta kalmar sirri, komai ya tafi, domin babu wata ma'ajiya a waje.

A sauke Briar tun layi yana nan, kodayake mai ita zai iya tura wa wani ta Wi-Fi.