Rumfar gyaran keken da ta shirya ni bin kogin Dilimi har Jama'are

Duk wanda ke shirin doguwar tafiya a keke daga Jos, irin ta bin bakin ruwa cikin gonaki da lambuna, shawarata ya fara kai kekensa wurin wani dattijo mai gyara da ke wani lungu daura da Titin Bauchi, ba nisa da tashar mota. Wurin ba shi da allo, rumfar kwano ce kawai da benci ɗaya da tsofaffin wiloli rataye a jikin ƙusa. Mutanen layin suna ce masa Baba mai keke. Aikinsa yana da tsada idan aka gwada da na masu gyaran bakin titi, ba ya cika alkawarin rana, kuma akwai abu biyu da aka yi mini a rumfar waɗanda ban ji daɗinsu ba. Duk da haka, in zan sake tafiyar gobe, can zan koma.

Sai na faɗi irin hanyar tukuna, don a gane abin da aka nema daga gare shi. Yawancinmu 'yan Jos mun san Dilimi a matsayin rafin da ke ratsa tsakiyar gari yana kwasar shara. Amma idan ya fita gari ta wajen Naraguta ya nufi arewa, sai ya gangara ƙasar Toro a Jihar Bauchi, ruwansa ya shiga kogin da ake kira Bunga, a can ƙasa kuma a kira shi kogin Jama'are. Shi ne ke haɗuwa da kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, garin Bauchi kuwa kusan rabin haka. Ke nan farkon tafiyar dutse ne da gangara, ƙarshenta yashi ne da ƙaya, kuma keke ɗaya ake so ya ɗauki duka biyun, da kaya a bayansa.

Abin da ya fara sa na yarda da Baba shi ne ya hana ni sayen keken da ya fi tsada a rumfarsa. Yana da kekunan gwanjo na sayarwa, cikinsu akwai wani na alminiyam, marar nauyi, mai siririyar taya, wanda idona ya tsaya a kai. Ya tambaye ni ina za ni da shi.

Na ce, "Baba, Jama'are nake so in kai, ta bakin ruwa."

Ya ce, "To ɗana, ajiye wancan. In ya tsage maka a ƙauye, wa zai yi maka waldarsa? Ɗauki wannan baƙin ƙarfen. Ko mai waldar garma ya samu, zai haɗa maka shi ka ci gaba."

Wanda ya nuna mini tsohon keken hawan dutse ne, mai taya inci 26, fentinsa duk ya goge. Ya fi wancan nauyi, ya kuma fi shi araha nesa ba kusa ba. Duk shawarar da ya ba ni bayan wannan a kan tunani ɗaya take: kada a sa wa keken wani abu da mai gyara a kasuwar ƙauye ba zai iya taɓawa ba. Birki na roba da waya, wanda ake ɗaure shi da sifana. Tub mai bakin iska irin na mota da babur, domin kowane mai faci yana da abin ba shi iska. Giyar Shimano ta da, wadda ko wayarta ta tsinke za a iya ɗaure ta a giya ɗaya a lallaɓa zuwa gari. Wanda bai taɓa tsayawa da rana tsaka a inda ba shago ba zai ga kamar ƙauyanci ne. Ni na ga amfaninsa da idona.

Wilin baya ya fi ɓata wa lokaci, kuma a nan ne kuɗina ya fi halatta. Ya kwance shi gaba ɗaya, ya zuba boris ɗin cikin gwangwanin kananzir, ya wanke, sannan ya baza su a tafin hannunsa yana juya su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana. Duk wanda ya ga ɗan tabo a jikinsa sai ya jefar. Ya sa sababbi da giris mai kauri, ya ɗaura sifok 36 sababbi. Daga nan ya kife keken, ya riƙe guntun alli dab da bakin wilin, ya juya shi. Inda allin ya taɓa, nan ne wilin ya karkace, sai ya ɗan matsa sifok ɗin ɗaya gefen kaɗan, ya goge allin da babban yatsa, ya sake juyawa. Da ya gama sai ya bi su yana kaɗawa da farce yana saurare, kamar mai gyara tsirkiyar gurmi, har sai da sautinsu ya zo ɗaya. Tun bayan azahar yake kan wilin nan har aka kira la'asar. Na ɗora wa wilin jaka biyu da galan na ruwa, na bi da shi kan duwatsu da ramuka, ko sifok ɗaya bai saki ba, kuma har yau bai karkace ba.

Dabararsa ta biyu ita ce ta ƙaya. Ya samo tsohuwar taya siririya, ya yanke gefunanta masu waya, ya shimfiɗa ta cikin sabuwar tayar kafin ya sa tub. Keken ya ƙara nauyi, kuma a kan kwalta za ka ji yana ɗan jan ƙafa. Ya gaya mini haka tun kafin ya yi, ya ce in zaɓa. Na zaɓa.

Mun tashi cikin hunturu, ni da wani abokina wanda shi a wani wuri aka shirya masa nasa keken. Wanda ya san sanyin asubar Jos a watan Disamba ya san yadda yatsu ke ƙagewa a kan birki. Daga Naraguta zuwa gaba lambuna ne a bakin rafin, kabeji da karas da latas da koren wake, irin kayan da ake lodi a kasuwar Farin Gada ana kai wa kudu. Injinan ban ruwa suna ta ƙara tun kafin rana ta fito, samari sun tsaya cikin ruwan sanyi har gwiwa suna wanke karas a buhu. Hanyar ƙafa ce siririya tsakanin fangali, kuma kusan kowane taku kaɗan akwai tiyo a gicciye. Ka sauka ka ɗaga keken, kada ka taka wa mutum tiyonsa, ka ce sannunku da aiki. Da yawansu sai sun tsayar da kai sun tambayi inda za ka, wani ma ya ciro maka karas ya ɗauraye ya miƙo. A irin wannan hanya nauyin keken ya dame ni ƙwarai, domin ɗagawa ta fi hawa yawa. Wannan shi ne kuɗin da aka biya don ƙarfe da taya biyu, kuma gara mutum ya sani tun daga gida.

Inda birki ya nuna kansa shi ne gangarar da ke bayan Babale zuwa wajen Tilden Fulani. Da kaya a baya, keke yana neman ƙwacewa, ga manyan motoci suna wucewa dab da kai. Baba ya sa mini sababbin robobi da wayoyi, ya kuma ce kada in danne birki in riƙe, in riƙa kamawa ina saki don kada bakin wilin ya yi zafi. Haka na yi. Birkin bai yi kuka ba, bai kuma yi sanyi ba har muka sauka.

A Magama Gumau masu shayi da direbobi suka haɗu a kan magana ɗaya: kada mu bi ruwan zuwa cikin dajin Lame-Burra, saboda matsalar tsaro. Muka ji maganarsu. Muka bi kwalta ta Nabordo da Zaranda zuwa Bauchi, wajen kilomita 130 ke nan daga Jos, sannan muka ɗora kekunan a mota zuwa Jama'are, muka sake kama bakin kogin daga can muka nufi wajen Katagum. Duk mai son wannan tafiya ya riƙa tambaya a kowane gari, ya gai da mai unguwa in zai kwana, kuma kada magariba ta same shi a hanya.

Ƙasar Jama'are wata duniya ce daban. Kogin ya yi faɗi, da rani yawancinsa yashi ne fari, ruwan yana bin gefe guda. Fadamar cike take da shinkafar rani da alkama da albasa, ga shanu suna gangarowa shan ruwa. Hanyoyin amalanke ne, yashi mai zurfi, sai ka rage iskar taya kafin ta yarda ta tafi. Ga tsidau ko'ina a gefen gonaki. A nan abokina ya sha wahala. Tayarsa siririya ce, tana nutsewa, kuma kusan duk inda muka tsaya sai ya yi faci. Wata rana famfonsa ya lalace, muka tura keken zuwa wani ƙauye, mai facin ya duba siririn bakin tub ɗin ya ce abin iskarsa ba ya kama irin wannan. Da yamma ni kuwa sai in zauna in riƙa zare ƙayoyin daga tayata da farce, sun shiga ta waje sun tsaya a ta ciki. Sai ƙayar aduwa doguwa ce ta taɓa ratsa su duka, ita kuwa ba abin da ke tare ta.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba. Na farko kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan keke. Wadda ke kan keken ba ta da ƙarfi, sai Baba ya aika aka ƙera wata da rodi a wurin mai walda. Kariyar kanta ba laifi, amma ƙananan ƙusoshin da aka ɗaure ta da su na banza ne, kuma ba a sa musu wani abin da zai hana su kwancewa ba. Kafin mu kai Toro ɗaya ya faɗi, jakar ta karkata tana gugar taya. Da wayar ɗaurin buhu na ɗaure ta har Bauchi. Mutumin da zai ɓata sa'o'i a kan wili bai kamata ƙusa ta ba shi kunya ba. Da na dawo na gaya masa, bai yi musu ba, ya ce yaronsa ne ya ɗaura, shi kuma bai bi ya duba ba, ya sauya su kyauta. Na yaba da hakan, sai dai a daji aka buƙace su.

Na biyu kaca. Yaron nan dai ya shafe ta da baƙin man inji, ya cika. A cikin ƙurar hunturu da yashin fadama, man ya kama ƙasa ya zama laka mai cin ƙarfe, giya ta fara tsalle, ƙafar wandona ta yi baƙi. Sai da na sayi kananzir a Jama'are na wanke ta tas, na ɗiga mata man keken ɗinki kaɗan na goge da tsumma, sannan ta dawo daidai. Wanda zai kai kekensa ya tsaya a kan wannan da kansa, ya ce mai kaɗan yake so, marar kauri.

Sai maganar lokaci. Ya ce in zo ranar Talata, ban karɓi keken ba sai Asabar. Ba wai zaune yake ba. Masu kai kayan lambu da masu tallar biredi da 'yan makaranta suna ta zuwa da ƙananan gyare-gyare, shi kuma ba ya iya cewa mutum ya jira alhali da keken yake neman abincin yini. Na fahimci dalilinsa, amma mai tafiya ya kai kekensa da sauran mako biyu, ya kuma samu kwana ɗaya ya ɗora masa duk kayan da zai ɗauka ya hau da shi hanyar Rukuba ko ta Bukuru ya dawo. Abin da zai kwance ya kwance a kusa da gida.

Kuɗin aikinsa ya kusa ninka na sauran masu gyara, kuma ba ya son ciniki mai yawa. Amma kayan gyara yakan ajiye maka iri biyu a gabanka, ya ce wannan na asali ne cire aka yi daga keken gwanjo, wannan sabo ne amma jabu, ga kuɗin kowanne. Ban taɓa kama shi ya sayar mini da wani a matsayin wani ba. Kafin in tafi kuma ya ɗaure mini sifok na ajiya a jikin ƙarfen keken da roba, ya haɗa mini wayar birki ɗaya da gam da faci da guntun kaca a leda, ya sa na cire tayar baya na mayar a gabansa har ya gamsu na iya.

Ba kowa wurin zai yi wa ba. Mai keken zamani mai birkin faifai irin na mai, ko mai giyar lantarki, kada ya ɓata lokacinsa, Baba zai gaya masa kai tsaye ba ya taɓa su, ba shi da kayan aikinsu. Ba ya sayar da hular kwano ko fitila, sai ka nema a cikin gari, kuma ka nema ɗin, domin titin Jos zuwa Bauchi ba wurin wasa ba ne. Jakunkunan gefe ma ba ya yi, amma zai nuna maka wani mai ɗinkin tamfol a layin, ka ce masa ya sa maɗauri da igiya maimakon zif, don ƙura tana kashe zif. Kuɗi a hannu yake karɓa, ranar Juma'a kuma daga hantsi ya rufe sai bayan la'asar.