Aska, kurfi ko injin iska: me mai koyon zane a kan ƙarfe zai fara saya a Kano?

Wanda ya shiga Kasuwar Kurmi ya ga likkafa da munduwa da kuben takobi masu zane, ko ya tsaya kallon kayan doki a Hawan Daushe, zai iya jin sha'awar koyon wannan aikin. Yawancin masu fara koyo kuwa a wurin saye suke yin kuskure, su zuba kuɗi a inji, alhali ba su da abin washi, hannunsu kuma bai saba da fensir ba.

Hanya uku ce ake yanka zane a ƙarfe da hannu. Ta farko ita ce askar turawa, wadda a shagunan intanet ake kira gireba: ɗan siririn ƙarfe mai kusurwa huɗu, kaurinsa kamar milimita 2.4, da ƙotar katako mai kama da rabin ƙwallo da ke zama a tafin hannu. Ita ce mafi araha, ba ruwanta da wutar lantarki, kuma a kan azurfa da jan ƙarfe tana ba da layi mai sheƙi. Wahalarta ita ce ƙarfin turawar daga hannunka yake fitowa, don haka da zarar bakin ya kuɓuce sai askar ta zarce ta karce farantin ƙarfen da kake zanawa, wani lokaci ta soki yatsa. Hanya ta biyu kurfi ne da 'yar ƙaramar guduma. Wannan ya fi dacewa da baƙin ƙarfe, irin ruwan takobi ko wuƙa, kuma zamewa ba ta cika yawa ba, tunda kowane bugu ɗan taku kaɗan yake yi. Sai dai hannu biyu duk suna aiki, babu mai juya farantin, dole kai ka riƙa zagaya aikin a tsaye, kuma idan bugun ya yi nauyi za a ga tsani-tsani a cikin layin. Ta uku ita ce askar da iska ke bugawa, irin ta kamfanin GRS da ta Lindsay, duka na Amurka. Babu shakka ta fi sauƙin koyo, amma cikakken saitinta da kwamfuresa yakan haura dala 1,000 kafin kuɗin kawowa, ga kuma batun wuta. Akwai kwaikwayonta na Sin masu sauƙin kuɗi, wasu suna aiki, amma samun kayan gyara ya zama caca.

Abin da za a fi tallata maka shi ne ɗan inji mai juyawa irin Dremel. Yana da amfani wurin goge aiki da ƙwaƙule bayan zane, amma kankarar ƙarfe yake yi, ba ya fere shi. Layinsa dishi-dishi ne, gefensa da kaushi. Idan burinka zane mai ɗaukar ido, ajiye kuɗinka.

Ga wanda zai fara, shawararmu aska biyu zuwa uku ce kawai: ɗaya mai baki kamar harafin V mai buɗin digiri 90, ɗaya mai faffaɗan baki kamar milimita 1, in da hali a ƙara mai buɗin digiri 120 daga baya. Saitin nan na aska goma sha biyu da ake sayarwa a kwali, takwas daga ciki tsatsa za su yi a aljihun tebur.

Irin ƙarfen askar ma abin dubawa ne. Akwai tama mai tauri ta gargajiya, tana yin kaifi sosai kuma dutsen washi na yau da kullum yana cinta, amma idan ta yi zafi a injin washi har ta koma shuɗiya, taurinta ya tafi. Akwai wadda aka buga wa tambarin HSS, mai jure zafi, kuma ita muka fi so wa ɗan koyo. Irin wannan ƙarfen ne masu injin lez, wato injin fere ƙarfe, suke amfani da shi, don haka sandarsa mai milimita 3 da aka samu a wurin masu kayan aikin injiniya tana iya zama aska. Sai kabayid, wanda ya fi duka tauri, amma tsininsa na saurin ɓallewa kuma dutsen daimon kaɗai ke wasa shi. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya kai tsohon siririn magagari wurin maƙeri a fere shi, a sake ba shi wuta har ya yi launin ƙaiƙayi. In ba a yi haka ba, taurin magagari ya yi yawa, bakin zai riƙa karyewa.

Yanzu ga inda ya kamata kuɗi ya tafi: washi. Bakin aska yana da fuska da dunduniya. Fuskar ana wasa ta a kan digiri 45, a ɗaga zuwa 50 ko 55 idan ƙarfen da za a yanka mai tauri ne. Dunduniyar kuma 'yar mitsitsiyar fira ce a ƙarƙashin tsinin, kamar digiri 15, tsawonta bai wuce rabin milimita ba. Ita ke sa askar ta yi tafiya a cikin ƙarfe hannunka yana sama. Idan babu dunduniya, askar nutsewa za ta yi ta kafe. Idan ta yi tsawo, a wurin kwana za ta ja gefen layin ta bar tabo. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya, askar za ta riƙa karkata ka ɗauka hannunka ne da laifi. Saboda haka a sayi farantin daimon mai lamba 600 da mai 1200, da 'yar na'urar da ke riƙe aska a kan kusurwa ɗaya. Wanda bai samu na'urar ba, kafinta zai iya yanka masa katako biyu a kan digiri 45 da 15, a jingina askar a kai. Gwajin kaifi kuwa a farce ake yi: ɗora tsinin a hankali, in ya kama ya tsaya ya yi, in ya sulale koma dutse.

Abin riƙe aiki shi ne na biyu a muhimmanci, domin a wannan sana'a farantin ake juyawa ya shiga bakin aska, hannun da ke riƙe da askar kusan a tsaye yake. Mariƙi mai siffar ƙwallo mai juyawa shi ne na ƙwararru, yana da nauyi da tsada. Kafin a kai gare shi, dukawa za su iya ɗinka maka 'yar matashiyar fata mai faɗin santimita 15 a cika ta da yashi, ka manna farantin a kan guntun katako da gam na bindiga, ka ɗora a kai. Hannun da ke juya katakon ya zauna ƙasa da layin aska, kada ya tsaya a gabanta. Gilashin ƙara girma na ɗaurawa a goshi, mai ninki biyu da rabi, ya wadatar.

Ƙarfen gwaji kuma jan ƙarfe ya fi, mai kaurin milimita 1.5, a yanka shi santimita 5 a kan 5. Tagulla ta falle tana yankuwa da kyau, amma ta zubi, irin wadda ake samu cikin tsofaffin kaya a Ƙofar Ruwa, takan ɓoye ramuka da yashi masu karya tsini. Alminiyum laushi ne da shi har yana liƙewa a bakin aska, sai ana ɗan taɓa kananzir. Cokali da tire na silba, wato ƙarfe mara tsatsa, a bar su tukuna, taurinsu zai sa ɗan koyo ya yi zuciya.

Fensir shi ne kaya mafi araha a duk jerin nan, kuma shi ke nuna wanda zai iya. Aska ba ta gyara zanen da ya karkace, tabbatar da shi take yi, kuma ƙarfe ba shi da kilina. A sayi 2H na shata layin farko, HB na zane, 2B na inuwa, ko kuma fensir mai matsawa na milimita 0.5 wanda ba ya buƙatar fira. Rim ɗaya na farar takardar A4 ya fi littafin zane mai tsada amfani, saboda ba za ka ji ciwon ɓata ta ba. A haɗa da takardar kwafi mai shara-shara. Duk ana samunsu a shagunan kayan karatu na Sabon Gari. Minti 30 a kullum a kan nannaɗe mai kama da gidan dodon koɗi, hagu da dama, har tazarar ta daidaita ba lanƙwasa mai kusurwa, ya fi awa biyar ranar Juma'a kaɗai. Abin kwaikwayo kuwa ga shi nan birjik: dagin Arewa, aska takwas ta babbar riga, da zanen bangon Gidan Makama. Dagi yana koya wa hannu wane layi ne ke hawa, wane ke shiga ƙarƙashi, kuma kuskure ɗaya a nan kowa zai gani.

Ɗora zane a kan ƙarfe hanya biyu ce. A goge farantin da sifirit, a shafa farin fentin ruwa siriri, in ya bushe a zana da fensir, sannan a bi da allura don kada gumin hannu ya share. Ko kuma a yi fotokwafin zanen a juye kamar a madubi, a kifa shi a kan farantin, a dangwala asiton, irin ruwan goge jan farce, da auduga a bayansa, baƙin tawadar ya koma jikin ƙarfen. Wannan dabarar da tawadar gari ta injin fotokwafi take aiki, firinta mai tawadar ruwa ba ta yi.

Da damina a riƙa shafa wa askokin man keken ɗinki bayan aiki, a soka kowane tsini a guntun roba don kada su gogi juna. Da hunturu kuma a rufe farantin daimon, saboda ƙurar da ta kwanta a kai tana karce fuskar aska.